Kwafar Aiki da Kibiyoyinsa: Sauƙi ne ko Tarko a Jadawalin Kwangila?

Duk wanda ya taɓa tsara jadawalin babban aiki da manhajar Primavera P6 ya san ɗan akwatin nan da ke buɗewa idan ya kwafi jerin ayyuka zai liƙa su a wani wuri. Tambaya akwatin yake yi: me da me za a ɗebo tare da ayyukan? Ma'aikatan da aka ɗora musu? Kuɗin da aka yanka musu? Alaƙarsu da sauran ayyuka? A ƙarƙashin wannan ta ƙarshen akwai wani ƙaramin zaɓi, na a ɗauki alaƙar da ke tsakanin ayyukan da aka kwafa kaɗai, a bar wadda ta tsallaka waje. Da yawa ba sa tsayawa karantawa, dannawa kawai suke yi su wuce. Amma a kan wannan ɗan zaɓi masu tsara jadawali suka rabu gida biyu, kuma saɓanin nasu yana da tushe, don abin yana iya gusar da ranar kammala kwangila da watanni.

Kafin a ji ta bakin kowane ɓangare, ya kamata a san abin da ake jayayya a kansa. Jadawali irin wannan abu biyu ya ƙunsa: sanduna da kibiyoyi. Sanda ita ce aiki, tsawonta shi ne kwanakin da zai ci. Kibiya kuwa ita ce ke cewa wannan aiki sai ya jira wancan. Sandunan sun girmi kibiyoyin. Injiniyan nan Ba'amurke, Henry Gantt, ya yaɗa zanen sanduna tun tsakanin 1910 da 1915, sai dai zanen nasa lokaci kawai yake nunawa, ba ya faɗin dalili. In haƙar harsashi ta makara da mako guda, dole mutum ya zauna ya sake zana duk abin da ke bayanta da hannu. A 1957 ne Morgan Walker na kamfanin DuPont da James Kelley na Remington Rand suka fito da hanyar da kwamfuta za ta ɗauki wannan lissafi, a shekarar da ta biyo baya kuma rundunar sojan ruwan Amurka ta fito da tata hanyar, PERT, a aikin makamin Polaris. Tun daga nan ranar fara aiki ta tashi daga abin da mutum ke rubutawa, ta koma abin da kwamfuta ke fitarwa daga kibiyoyi. Ita ke gano jerin ayyuka mafi tsawo, wanda jinkirin yini guda a cikinsa jinkiri ne ga kwangilar baki ɗaya. Bari mu kira shi babbar sarƙa. Ita kuma ke nuna ayyukan da ke da rarar lokaci, waɗanda ko sun ɗan makara babu abin da zai taɓu. Saboda haka wanda ya kwafi sanduna ya bar kibiyoyi, hoto kawai ya ɗauko. Wannan kowa ya yarda. To wanda ya haɗa da kibiyoyin fa, me ya ɗauko?

Masu goyon bayan a kwafa gaba ɗaya da lissafi suke farawa, kuma lissafin nasu yana da nauyi. A ɗauki misalin ɗan kwangilar da aka ba ginin rukunin gidaje 40 iri ɗaya. A ce kowane gida yana da ayyuka 25, tun daga haƙar harsashi, zubin kankare, ɗora bulo, linta, rufi, wayarin, aikin famfo, filasta, har zuwa fenti, kuma kibiyoyi kamar 35 ne ke ɗaure su. Ayyuka 1,000 ke nan da kibiyoyi 1,400. Duk wanda ya ce a ja waɗannan da hannu ɗaya bayan ɗaya, in ji su, bai taɓa zama ya ja ɗari a jere ba. Kafin a kai gida na goma ido ya gaji. A gida na 17 a manta a ɗaure filasta da wayarin, a na 31 a ɗaure rufin wannan gida da lintar maƙwabcinsa saboda lambobinsu sun yi kama. Irin wannan kuskure a warwatse yake, kowane gida da nasa, shi ya sa gano shi yake da wuya. Da kwafi kuwa, in an tsara gida na farko da kyau, sauran 39 duk sun gaji kyansa. In ma akwai kuskure a ciki, guda ɗaya ne ya maimaitu. An gano shi a gida ɗaya, an gano shi a duka.

Hujjarsu ta biyu ta fi shiga raina. Kibiyoyin nan ilimi ne da aka saya da asara. Wadda ta ce kada a yi filasta sai an binne bututun waya, wani ne ya taɓa fasa bangon da aka gama shafewa kafin ya koyi sa ta. Kamfanin da ya shekara ashirin yana gini, wani babban kaso na gogewarsa yana cikin irin waɗannan kibiyoyi, kuma ba kullum gogaggen injiniya ke zaune gaban kwamfuta ba. Sau da yawa matashi ne da bai daɗe da barin makaranta ba. Shi ya sa kamfanoni ke ajiye guntayen jadawali da aka riga aka ɗaure, na hawa ɗaya na bene, na kwalbati ɗaya, na kilomita ɗaya na titi, ana ɗaukowa ana liƙawa. Hana kwafa daidai yake da tilasta wa kowane sabon ma'aikaci ya sake koyon abin da kamfanin ya riga ya biya kuɗin koyonsa.

Suna kuma kafa hujja da binciken Farfesa Bent Flyvbjerg na Jami'ar Oxford. A littafin da ya fitar a 2023 tare da Dan Gardner, ya yi amfani da bayanan manyan ayyuka sama da 16,000, ya nuna kashi 8.5 cikin 100 ne kawai suka ƙare a kan lokaci kuma a kan kasafi. Daga cikin cututtukan da ya lissafa akwai tunanin nan na "aikina daban yake", wanda ke hana mutum duba abin da ya faru da ayyuka irin nasa. Ya kuma nuna cewa ayyukan da aka gina daga ƙananan gaɓoɓi masu maimaituwa, kamar tashoshin wutar sola da na iska, sun fi tashoshin nukiliya da wasannin Olamfik cika alkawari nesa ba kusa ba. In maimaici ne sirrin, in ji masu kwafa, don me za a tsorata da maɓallin da ke maimaitawa?

Ɗaya ɓangaren ba su musanta ko ɗaya daga cikin waɗannan ba. Abin da suke cewa shi ne, kama da wane ba ta wane. A kan allo duk kibiyoyi kamarsu ɗaya, amma ba uwa ɗaya ta haife su ba. Akwai wadda ɗabi'ar kayan aiki ta tilasta: ba a ɗora rufi sai da bango, ba a cire katakon dakin sai kankare ya kama. Wannan ko a Kano ko a Tokiyo ba ta canzawa. Akwai wadda shawarar mutum ce kawai: injiniya ya ga ya fi masa sauƙi a fara daga gabas, ko kuwa injin kwaɓa kankare ɗaya gare shi, sai ya jera ayyuka biyu waɗanda a zahiri za su iya tafiya tare. Akwai kuma wadda ta shigo daga waje, kamar jiran izinin hukumar tsara birni, jiran isowar taransifoma, ko jiran a biya kafin alƙalami. Ta farko ta cancanci a kwafe ta ko sau dubu. Ta biyu da yanayinta aka haife ta, in yanayin ya canza ta zama ƙarya. Ka sayi injin kankare na biyu, jadawali kuwa yana nan yana jera maka ayyuka kamar ɗaya gare ka. Ta uku sau ɗaya take faruwa a rayuwar kwangila. Manhaja ba ta san wannan bambanci ba, duka ukun take ɗebowa.

Amma hujjarsu mafi ƙarfi a kan wata kibiya ce da ba ta cikin kwafin ma sam. Mu koma ga gidajen nan 40. Gida na farko yana rataye da aikin share fili, kwafi 39 ma suka ratayu a wurin. Manhaja za ta nuna duk gidajen sun fara rana ɗaya, sun gama rana ɗaya. A ce ɗora bulon gida guda kwana 10 ne. Allon zai nuna cikin kwana 10 bangayen unguwar duka sun tashi. Ɗan kwangilar kuwa tawagar magina 4 gare shi. Gida 40 a raba wa tawaga 4, zagaye 10 ke nan, kwana 100. Kwana 90 sun ɓace daga jadawalin a kan sana'a ɗaya tak, kuma babu inda jar alama za ta kunnu, domin kowane aiki yana da na gabansa da na bayansa, komai a ɗaure yake tsaf. Abin da ya ɓace shi ne kibiyar da ke cewa magina sai sun sauka daga gida na 1 za su hau na 5. Wannan kibiya ba ta cikin gida na farko, don lokacin da aka tsara shi babu gida na biyar. Abin da babu shi a asali ba ya fitowa a kwafi. Kuma a aikin da ke maimaituwa, sau da yawa wannan tafiyar ta ma'aikata daga wuri zuwa wuri ita ce babbar sarƙar.

Waɗanda suka yi suna a maimaita gini sun san haka tun kafin kwamfuta ta shigo. Tsakanin 1947 da 1951 kamfanin iyalin Levitt ya gina gidaje sama da 17,000 a Levittown, a tsibirin Long Island na jihar New York. Sun raba ginin gida zuwa matakai 27, kowace tawaga da matakinta, tana gama wannan gida ta wuce na gaba, har suka kai suna kammala gidaje 30 a rana. Abin da William Levitt ya tsara shi ne tafiyar tawagogi, gidajen suna tsaye ma'aikata ke gudana. Haka dogon ginin nan na Empire State mai hawa 102, da aka gama cikin kwana 410 aka buɗe ranar 1 ga Mayun 1931, shekara 26 kafin aikin Walker da Kelley. Ƙarfen ginin yana tashi kamar hawa huɗu da rabi a mako, kuma hankalin maginan yana kan saurin da kowace sana'a ke bin ta gabanta daga bene zuwa bene, kada wata ta cim ma wata ta tsaya jira. A nan ne nake ganin hujjar Flyvbjerg ta juya ta goyi bayan ɗaya ɓangaren. Ribar maimaici tana zuwa ne idan mutanen da suka yi na farko su ne suka yi na biyu da na goma, hannunsu na ƙara faɗawa. Tun 1936 injiniya T. P. Wright ya lura cewa a ƙirar jiragen sama, duk lokacin da adadin da aka ƙera ya ninka, aikin hannun da kowane jirgi ke ci yana raguwa da kusan kashi 20 cikin 100. Jadawalin da ya nuna gidaje 40 suna tashi lokaci ɗaya ya shafe wannan ribar, tunda a cikinsa babu na farko babu na ƙarshe.

Masu kwafa suna da amsa, kuma amsar ba ta wasa ba ce. Suna cewa kuskure ne ma a ɗaure tafiyar tawaga da kibiya. A gaya wa manhaja tawaga nawa ake da ita, a ɗora kowace a kan ayyukanta, sannan a sa ta daidaita. Microsoft Project da Primavera duk suna yin wannan, suna tura ayyuka gaba har sai buƙata ta yi daidai da abin da ke hannu. In ka ɗaure gida na 1 da na 5 da kibiya, gobe helma ya ga ruwa ya kwanta a gida na 5 ya tura magina na 9, to ka shiga kwancewa da ɗaurewa. Gaskiya ne, kibiyar tawaga tana tsufa da wuri. Sai dai daidaitawar manhaja tana da nata ciwon. Masana lissafi sun nuna tun 1983 cewa tsara ayyuka a ƙarƙashin ƙarancin ma'aikata yana cikin matsalolin da ba a san gajeriyar hanyar samun amsarsu mafi kyau ba. Manhajoji ƙa'idojin fifiko suke bi su fitar da amsa mai dama-dama, shi ya sa manhajoji biyu za su iya ba ka ranaku daban a kan jadawali ɗaya. In ba a gindaya mata fifiko ba, tana iya aika magina daga gida na 3 zuwa na 28 su dawo na 4, don ba ta san nisan da ke tsakaninsu ba, ba ta san wahalar kwashe katako da tankin ruwa ba. Ban da haka, jadawali da yawa ba a ɗora musu ma'aikata ko kaɗan. Sanduna ne da kibiyoyi kawai aka miƙa wa mai aiki. A irin wannan jadawali babu abin da za a daidaita.

Akwai kuma kayan da ke biyo kwafi a ɓoye, ba tare da an gayyace su ba. A Microsoft Project, in mutum ya rubuta ranar fara aiki da hannunsa, manhajar tana ɗaura wa aikin sharaɗin kada ya fara kafin wannan rana. Sharaɗin ɗan ƙaramin tambari ne a gefen allo, sauƙin tsallakewa gare shi. Ka kwafi aikin, ka kwafi sharaɗin, kuma ranar da take da dalili a gida na farko ba ta da shi a na ashirin. Tazarar da ake sa wa kibiya ma haka. Kankare ana auna cikakken ƙarfinsa ne a kwana 28, kuma akan sa kwanakin jira tsakanin zubi da cire katako. Shi kankare bai san Lahadi ba, bai san hutun salla ba, kamawarsa yake yi dare da rana. Amma in an lissafa jiran da kwanakin aiki, sai ya miƙe duk inda ya haɗu da hutu. Primavera ma tana da wurin zaɓen kalandar da za a lissafa tazara da ita, kuma guntun jadawalin da aka ɗauko daga wata kwangila yana iya sauka a inda zaɓin ya bambanta. Sai tsawon aikin kansa. Haƙar harsashin da ta ci kwana 4 a Janairu a arewacin Najeriya ba za ta ci 4 a Agusta ba, lokacin da rami ke kwana cike da ruwa. Watan azumi kuma yana matsowa da kamar kwana 11 kowace shekara, saboda haka jadawalin bara da aka kwafa bana ya ajiye raguwar aiki a makon da ba nasa ba. Masu kwafa za su ce wannan laifin mai kwafa ne, ba laifin kwafi ba. Haka ne. Amma kayan aikin da ke ba mutum damar ninka abu sau 39 cikin daƙiƙa guda ba tare da ya karanta shi ba, yana da hannu a cikin abin da ya biyo baya.

In aka tace maganar, a kan kibiyoyin cikin gida saɓanin kaɗan ne. Kusan kowa ya yarda bangon kwafi ya ratayu da harsashin kwafi. Inda ake ja-in-ja sosai shi ne kibiyoyin da ke tsallaka iyaka, wato wannan ɗan zaɓi da ke cikin akwatin. Kowace hanya aka bi akwai haɗari, sai dai a zaɓi wanne za a iya rayuwa da shi.

In an yanke su, kwafin ya sauka a sake. Aikin da ba shi da na gabansa da zai jira, manhaja tana janyo shi zuwa farkon kwangila, kamar yau za a iya fara shi. Wanda ba shi da na baya kuma sai ya sami rarar lokaci mai yawa, kamar ko an bar shi zuwa ƙarshe babu damuwa. Duka biyun ƙarya ne. In kuwa an bar su, ga abin da kan faru. A ce gama wayarin gida na farko yana ɗaure da ranar miƙa kashin farko na gidaje, ranar da ake sa ran a biya ɗan kwangila wani kaso. Kwafi 39 duk sun gaji wannan kibiya. Yanzu miƙa kashin farko yana jiran wayarin gida na 40, gidan da ba ya cikin kashin, sai ranar biyan ta gusa zuwa ƙarshen kwangila, babbar sarƙa ta bi ta hanyar da babu ita a fili. Injiniya ya tara ma'aikata a inda allo ya ce da gaggawa, ya bar inda gaggawar take.

A ganina waɗannan kurakurai biyu ba nauyinsu ɗaya ba, don ɗaya yana nuna kansa, ɗaya yana ɓuya. A 2005 hukumar da ke kula da kwangilolin tsaro ta Amurka, DCMA, ta fitar da ma'aunai 14 na duba lafiyar jadawali, waɗanda yanzu ake amfani da su nesa da harkar tsaro. Na farkonsu yana ƙirga ayyukan da ba su da na gaba ko na baya, ya ce kada su wuce kashi 5 cikin 100. Wani yana ƙirga waɗanda rararsu ta haura kwanakin aiki 44. Kwafin da aka yanke wa kibiyoyin waje, waɗannan ma'aunai za su kama shi nan take. Kibiyar da ke nan amma dalilinta ƙarya ne kuwa, babu ma'aunin da ke ganin ta, don ƙirga ba ta tambayar dalili. Mai lambu yana ciro dashen tumatir da saiwarsa da ƙasar jikinsa, amma hanyar ruwa sai ya sake yanka ta a sabon fangali, yana duban gangaren wurin. Kibiyoyin ciki su ne saiwar, na waje su ne hanyar ruwan.

Dole in ba masu kwafa gaskiyarsu a nan ma. Yanke kibiyoyin waje a bar baki a buɗe yana da amfani ne kawai in wanda zai rufe shi zai tsaya ya yi tunani. Sananniyar dabara ce a wannan sana'a, mutum ya ga ma'auni ya kama masa ayyuka ɗari a sake, ya tattara su duka ya ɗaure da ranar farawa da ranar gamawa, ƙirga ta yi kyau, jadawali kuwa bai ƙaru da komai ba. Mai irin wannan hali, gara ma a bar masa kibiyoyin asali, don aƙalla wasunsu za su dace. Kuma akwai kibiyoyin waje da ya kamata su bi kowane kwafi ba tare da gardama ba: amincewa da zanen gini sau ɗaya ake yin ta, amma duk gidajen 40 suna jiran ta.

Wannan matsala ba a jadawali aka fara cin karo da ita ba. VisiCalc, manhajar lissafin jadawalin lambobi da Dan Bricklin da Bob Frankston suka fitar a 1979, in ka ce ta maimaita wata ƙa'idar lissafi zuwa wasu gurabe, tsayawa take yi a kan kowane gurbi da ƙa'idar ta ambata ta tambaye ka: wannan ya tsaya inda yake, ko ya matsa tare da kwafin? Da Lotus 1-2-3 ta zo a 1983, sai aka mayar da amsar cikin ƙa'idar kanta; mai rubutawa ya sa alamar dala a kan abin da ba ya so ya matsa, kuma har yau haka Excel ke yi. Hikimar ita ce, wanda ya san dalili shi ne ke sa alama, tun a asali, sau ɗaya. A jadawalin ayyuka kuwa, abin da lissafi ke karantawa a jikin kibiya nau'inta ne da tazararta; ko tilas ce ko zaɓi, ko ta kowa ce ko ta gida ɗaya, wannan yana cikin kan wanda ya ja ta. Akwatin Primavera ya yi ƙoƙari da yake tambaya, amma amsa ɗaya yake karɓa ga duk kibiyoyin waje, alhali ta zanen gini da ta miƙa kashin farko amsarsu ba ɗaya ba ce.

Abin ya wuce tsabtar allo, don jadawali takardar shaida ce. A kwangilolin FIDIC, waɗanda ake yawan amfani da su a manyan ayyukan gine-gine har da na ƙasashenmu, sashe na 8.3 ya wajabta wa ɗan kwangila ya miƙa jadawali cikin kwana 28 bayan sanarwar fara aiki. Wannan ƙurewar lokaci ita ce ke tura mutane ga kwafa, kuma ban ga laifinsu ba. Sai dai bayan shekara biyu, idan aiki ya makara aka zo neman ƙarin lokaci, wannan jadawalin za a buɗe. Za a tambayi ɗan kwangila me ya sa jinkirin izini ya taɓa gida na 33, ko me ya sa ya yi alkawarin bangaye 40 cikin kwana 10 da magina tawaga 4. Kibiyar da ba wanda zai iya kare ta tana raunana har da sahihan da ke kusa da ita, don da zarar ɗaya ɓangaren ya nuna guda biyu ko uku na bogi, sai a fara kallon jadawalin duka da zargi.

Ra'ayina ya karkata ga a kwafa, amma da sharuɗɗan da suka fito daga bakin masu adawa. A kwafi ayyukan da kibiyoyinsu na ciki, don jan 1,400 da hannu ɓarnar lokaci ce kuma gidan kuskure. Kafin a kwafa, a zauna da gida na farkon a tsefe shi: a cire duk ranar da aka ɗaure da hannu, a raba kibiyar tilas da ta zaɓi, a duba kalandar kowace tazara. Awa biyu a kan asali ta fi mako guda a kan kwafi 39. Kibiyoyin waje a yanke su, a rubuta su a gefe, sannan a mayar da kowace da saninta, wadda ta shafi kowa a ba kowa, wadda ta shafi kashi ɗaya a tsayar da ita nan. Inda aka ɗora ma'aikata a jadawali sosai kuma akwai mai iya sarrafa daidaitawa, ban ƙi a bar wa manhaja tafiyar tawagogi ba. Inda ba a ɗora ba, dole a ja ta da hannu, kuma aikin bai kai yadda ake tsoro ba. In manyan sana'o'i 6 ne, kowace da tawaga 4 a gidaje 40, kibiyoyi 36 ne ga kowace sana'a, 216 gaba ɗaya. Aikin yini ɗaya ne ko biyu, amma ba a yin sa a ofis kaɗai, don helman da ke fili shi ya san gidan da motar yashi za ta iya isa kafin a yi titi, da wanda sai bayan damina.